Darasin Wata: Inbata da Aikinta a Gidan Mai Wutar Sola

Tun daga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, tayar da janareta kullum ya gagari yawancin jama'a. Wannan ya sa farantan sola suka yawaita a kan rufin gidaje da shagunan cajin waya da ɗakunan shan magani na karkara. Manomi yakan sayar da amfanin gona, ko ya kai bijiminsa kasuwa, don ya haɗa sola a gida. Amma sau da yawa ba a rufa shekara sai a ji kuka. Wani batirinsa ya mutu. Wani fankarsa tana gurnani. Wani kuma waya ce ta narke, saura kaɗan ɗaki ya kama da wuta.

Galibin wannan hasara tana faruwa ne saboda rashin sanin aikin wani akwati da ake kafawa a jikin bango kusa da batir. Sunansa inbata. Darasin wannan wata zai bayyana abin da inbata take yi, da abin da ba za ta iya ba, da yadda mai gida zai yi lissafin kayansa tun kafin ya fid da kuɗi.

KAYAN SOLA GUDA HUƊU

Wutar sola ta gida tana da manyan kaya huɗu. Manomi zai fi saurin gane su idan ya kwatanta su da harkar hatsi.

1. Farantin sola. Shi ne gona. Shi ke karɓar hasken rana ya mai da shi lantarki. Wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ne ya gano a shekarar 1839 cewa haske yana iya haifar da lantarki. A shekarar 1954 aka ƙera irin na zamani na farko a Amurka. Wancan kashi 6 cikin 100 kawai na ƙarfin hasken yake kamawa. Na yanzu suna kama wajen kashi 20 ko fiye.

2. Batir. Shi ne rumbu. A cikinsa ake tara abin da aka samu da rana don amfanin dare.

3. Kwantirola. Ita ce mai tsaron bakin rumbu. Tana tsakanin faranti da batir, tana auna cajin da ke shiga, tana tsai da shi idan batir ya cika.

4. Inbata. Ita ce injin niƙa. Hatsin da ke rumbu ba ya tuƙuwa sai an niƙa shi ya zama gari. Haka wutar da ke cikin batir ba ta tayar da fanka ko firji irin na kasuwa sai inbata ta sarrafa ta.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. Injin niƙa ba ya ƙara yawan hatsi. Abin da aka zuba masa shi yake niƙawa, har ma wani abu yakan tafi a ƙura. Inbata ma ba ta yin wuta. Wanda ya sayi babbar inbata ya haɗa ta da ƙaramin batir, daidai yake da wanda ya kafa ƙaton injin niƙa a bakin rumbun da babu komai ciki sai tiya biyu.

WUTA IRI BIYU CE

Lantarki iri biyu ne. Iri na farko yana bin waya ta fuska ɗaya, kamar ruwan da ke gangarowa a magudana. Ana iya kiransa miƙaƙƙiyar wuta. A jikin kaya ana rubuta masa haruffa biyu, DC. Ita ce wutar batirin tocila da na mota da na wayar hannu, kuma ita ce farantin sola ke bayarwa. Shi ya sa kowane batir yake da kai biyu, ɗaya mai alamar + ɗaya mai alamar −, kuma ba a musanya su.

Iri na biyu ba ya tafiya fuska ɗaya. Gaba yake yi ya dawo baya, kamar zarto a hannun kafinta. Ana iya kiransa wuta mai kai-da-komo. Alamarta AC. Kada a ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ake nufi, haruffan ne suka zo ɗaya. Wannan ita ce wutar gwamnati, wadda har yanzu jama'a ke kira wutar NEPA, ko da yake an rushe NEPA tun shekarar 2005, kuma rarraba wuta ta koma hannun kamfanoni a 2013. Ita ce kuma janareta ke bayarwa. A Nijeriya da Nijar da Ghana wannan wuta tana zuwa ta dawo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Watau tana sauya fuska sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya. A Amurka kuwa sau 60 take yi.

Me ya sa aka zaɓi mai kai-da-komo ta zama wutar gari? Wajen shekarun 1880 an yi jayayya mai zafi a Amurka a kan wannan batu. Thomas Edison yana goyon bayan miƙaƙƙiyar wuta, Nikola Tesla da George Westinghouse suna goyon bayan mai kai-da-komo. Ta biyun ce ta yi rinjaye, domin ita ce taransifoma ke iya ɗagawa ko saukarwa cikin sauƙi, ta yi tafiya mai nisa ba tare da hasara mai yawa ba. Da haka ne wutar madatsar Kainji take isa garuruwa masu nisa. Tun daga wancan zamani masu ƙera fanka da firji da injuna suka riƙa yin kayansu daidai da ita.

Akwai ma'aunai uku da ake bukata a wannan darasi. Bolt, mai alamar V, shi ne ƙarfin turawa, kamar tsawon hasumiyar da aka ɗora tankin ruwa a kai. Amfiya, mai alamar A, ita ce yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke bin bututu. Wat, mai alamar W, shi ne aikin da wutar take yi. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat.

Batirin sola yakan zama bolt 12, ko a jera su su kai 24 ko 48. Kayan gida kuwa bolt 220 zuwa 240 suke so. Ke nan aiki biyu ne a gaban inbata: ta mai da miƙaƙƙiyar wuta mai kai-da-komo, sa'an nan ta ɗaga ƙarfinta daga 12 zuwa wajen 230.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN AKWATIN

Mataki na farko: juya wuta

A ce wayoyi biyu ne suka fito daga batir suka nufi ɗaki. Idan yaro ya tsaya yana musanya su a kan batir, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, to duk musanyar da ya yi wuta za ta sauya fuska a cikin ɗakin. Da zai iya yin haka sau 100 a daƙiƙa, da ya zama inbata. Hannun mutum ba zai iya ba, saboda haka aka sa makunnai huɗu su yi aikin.

Kowace waya tana da makunni biyu. Wayar hagu tana da na 1 mai haɗa ta da kan +, da na 2 mai haɗa ta da kan −. Wayar dama tana da na 3 mai haɗa ta da kan +, da na 4 mai haɗa ta da kan −. Idan aka kunna na 1 da na 4, wuta za ta fita ta hagu ta dawo ta dama. Idan aka kashe su aka kunna na 3 da na 2, sai ta fita ta dama ta dawo ta hagu. Batir bai motsa ba, wutarsa ba ta sake hali ba, amma kayan da ke ɗaki suna ganin wuta tana kai-da-komo.

Waɗannan makunnai ba irin na bango ba ne. Ƙananan abubuwa ne da ake kira taranzista, ba su da abin da ke motsi a ciki, lantarki ne ke buɗe su ya rufe. An ƙirƙiro taranzista a Amurka a shekarar 1947. Kafin zuwanta, da ƙarfe mai karkarwa ko inji mai juyawa ake wannan aiki, ga ƙara ga saurin lalacewa. A inbata ta yanzu akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa mai ba makunnan umarni. Ita ke kula kada na 1 da na 2 su taɓa kunnuwa lokaci ɗaya, domin idan haka ta faru kawunan batir biyu sun haɗu ke nan kai tsaye, nan take abin zai ƙone.

Mataki na biyu: ɗaga ƙarfi

Wannan aikin taransifoma ne, ƙanwar wadda ake gani a bakin hanya. Naɗin waya biyu ne a jikin ƙarfe ɗaya, ba su taɓa juna. Idan wuta mai sauyawa ta bi naɗi na farko, sai ƙarfen ya zama maganaɗisu mai sauyawa, shi kuma ya haifar da wuta a naɗi na biyu. Idan naɗi na biyu ya ninka na farko sau 20, ƙarfin turawa ma zai ninku kamar sau 20. Miƙaƙƙiyar wuta ba ta ratsa taransifoma, shi ya sa sai an juya ta tukuna.

Sai dai ba kyauta ake samun wannan ƙari ba. Gwargwadon yadda bolt ya hau, gwargwadon yadda amfiya take sauka. Alal misali, kayan wat 1,000 a kan bolt 230 amfiya 4 da ɗan kai suke ja. Amma a ɓangaren batir mai bolt 12, wannan wat 1,000 ɗin amfiya 83 ne, ban da hasara. Wannan ne dalilin da ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta zama mai kauri kuma gajera. Siririyar waya a wannan wuri za ta yi zafi, robarta ta narke. Shi ne kuma dalilin da ya sa manyan inbatoci suke aiki da bolt 24 ko 48, don amfiyar ta ragu.

A kasuwa za a tarar da wata inbata mai nauyi ƙwarai, wata kuma sakayau, alhali lambarsu ɗaya. Mai nauyin tana da babbar taransifoma a ciki, kuma ta fi jure fizgar injuna. Marar nauyin da ƙaramar taransifoma take aiki, tana kaɗa wutar sau dubbai a daƙiƙa har ta haura bolt 300, daga nan ta juya ta. Ta fi araha, kuma takan ci wuta kaɗan idan babu kaya a kanta.

Mataki na uku: daidaita kaɗawa

Wutar gwamnati ba ta juyawa farat ɗaya. Tana tashi a hankali har ta kai ƙarshe, ta sauko a hankali, ta wuce ɗaya ɓangaren, kamar yaro a kan lilo. Makunnai huɗun nan kuwa, idan aka bar su haka, bugu suke yi: gaba da ƙarfi, baya da ƙarfi, kamar ƙyauren da iska ke bugawa.

Inbata mai araha takan rage bugun ta hanyar ɗan tsayawa a tsakiya kafin ta juya. Kaɗawarta ta zama kamar hawan matakala. Ƙwan fitila bai damu ba. Amma fanka za ta yi gurnani, injin firji zai yi zafi fiye da kima, rediyo zai yi ƙugi, wasu kayan asibiti kuma ba za su yi aiki daidai ba.

Inbata mai kyau wata dabara take yi. Tana kunna makunnan tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa. A farkon zagaye tana sakin wutar ƙyas-ƙyas, a tsakiya ta saki da yawa, a ƙarshe ta sake ragewa. Sa'an nan wutar ta bi ta wani matacin da aka yi da naɗin waya da 'yan ma'ajiyar caji, su share gargadar. Abin da zai fito santsinsa ɗaya da wutar gwamnati, wani lokaci ma ya fi ta. A jikin kwalin irin wannan ana rubuta Pure Sine Wave. Mai matakala kuwa ana rubuta mata Modified Sine Wave. Duk mai niyyar sa firji ko injin jan ruwa, ta farkon ya kamata ya nema.

INBATA IRI UKU

Ta farko ita ce mai zaman kanta. Daga batir kaɗai take ɗiban wuta. Ita ta dace da ƙauyen da turakun lantarki ba su kai ba.

Ta biyu ita ce mai jingina da wutar gwamnati. Ba ta bukatar batir. Da rana tana juya wutar faranti ta haɗa da ta gari. Amma da zarar an ɗauke wuta ita ma sai ta tsaya, ko da rana tana tsaka. Da gangan aka yi ta haka, don kada ta tura wuta kan layi ta kama ma'aikacin da ya hau gyara. A inda ake yawan ɗauke wuta amfaninta kaɗan ne.

Ta uku ita ce mai haɗa komai, wadda masu sana'a ke kira haibirid. A cikin akwati ɗaya akwai inbata da kwantirola da caja. Tana karɓa daga faranti da batir da wutar gwamnati ko janareta, ta zaɓi wadda ta fi dacewa.

Akwai kuma gidan da ba ya bukatar inbata sam. Wanda bukatarsa fitila ce da rediyo da cajin waya, zai iya sayen kayan da ke aiki da miƙaƙƙiyar wuta kai tsaye. Yanzu har fanka da talabijin ana samun masu alamar DC. Wayar hannu da ma miƙaƙƙiyar wuta take ci. Idan aka bi da ita ta inbata, an juya wutar ke nan, kan caja kuma ya sake mai da ita yadda take, an yi hasara sau biyu.

LISSAFI KAFIN SAYE

Tambaya biyu ce, kuma kowace da mai amsa ta. Kaya nawa za a kunna lokaci ɗaya? Wannan girman inbata ne. Awa nawa za su yi suna aiki? Wannan girman batir ne da yawan faranti.

A ɗauki misalin wani magidanci. Kowane kaya akwai lambar wat a bayansa ko a ƙarƙashinsa. Ya duba ya rubuta kamar haka:

Ƙwan fitila 6, kowane wat 10 = 60
Fanka 2, kowace wat 60 = 120
Talabijin 1 = 60
Cajin waya 4, kowace wat 5 = 20
Jimla = wat 260

Idan ya ƙara ƙaramin firji mai wat 150, jimla ta zama 410. Ba a son inbata ta riƙa aiki a iyakar ƙarfinta, saboda haka sai ya ƙara rubu'in jimlar. Ya tashi wajen wat 510 ke nan.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, yawancin inbatoci da lambar VA ko kVA ake sayar da su, ba da wat ba. Mai lamba 1kVA sau da yawa wat 800 take ɗauka, mai 2.5kVA kuma wat 2,000. Sai a duba takardarta a ga lambar da ke da W.

Na biyu, duk abin da ke da inji a ciki yakan fizgi wuta a lokacin tashi. Amalanken shanu ma wajen tayar da shi aka fi shan wuya, in ya fara mirginawa sai sauƙi. Firji yakan ja ninki uku zuwa bakwai na abin da aka rubuta masa, na ɗan ƙanƙanen lokaci. Idan na magidancin nan ya ja ninki biyar, wat 750 ke nan, a haɗa da 260 na sauran kaya, an haura 1,000. Inbata mai kyau takan jure ninki biyu na lambarta na 'yan daƙiƙoƙi. Duk da haka mai 1.5kVA za ta fi ba shi kwanciyar hankali.

Kayan da ke yin zafi su ne manyan maciya wuta. Dutsen guga yakan ci wat 1,000 ko fiye. Butar dafa ruwa da risho na lantarki sukan kai 1,500 zuwa 2,000. Ɗaya daga cikinsu ya fi duk kayan magidancin nan ci, ninki biyu ko fiye.

Saura batir. A jikinsa za a ga lamba kamar 12V 200Ah. A ninka 12 da 200, a sami 2,400. Ma'anarsa, a lissafi zai iya ba da wat 2,400 na awa ɗaya. Amma batirin dalma, ko mai ruwa ko busasshe, ba a son a sha fiye da rabinsa, in ana so ya daɗe. Saura 1,200. Inbata za ta ci wajen kashi ɗaya cikin goma. Saura 1,080. A raba da 260, a sami awa huɗu da 'yan mintoci. Wanda ya kunna kayan nan da magariba, kafin sha ɗaya na dare ya cinye rabonsa. Idan yana son fanka ta kai shi asuba, sai ya ƙara batir ko ya rage kaya. Batirin litiyom ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa, kuma ya fi daɗewa.

Abin da aka ɗiba da dare kuma dole rana ta biya. A ƙasar Hausa ana samun cikakkiyar rana ta awa biyar zuwa shida a yini. Faranti mai wat 300 zai ba da wajen 1,500 a lissafi, in an cire hasarar zafi da ƙura da waya, abin da zai rage bai wuce ya mai da 1,200 ɗin nan ba. Ke nan mai kunna kaya da rana yana bukatar ƙarin faranti. Batirin da kullum ake ɗiba ba a cika shi, shi ne mai mutuwa cikin 'yan watanni.

INBATA MA TANA CIN RABONTA

Ba duk wutar da ta shiga inbata ke fitowa ba. Kashi 85 zuwa 95 cikin 100 ke fita, saura ya zama zafi. Shi ya sa take da 'yar fanka a ciki da ƙofofin shan iska.

Bugu da ƙari, muddin tana kunne tana ci, ko babu abin da aka jona mata, kamar injin niƙan da aka bari yana ruri babu hatsi. A ce tana cin wat 20 a zaune. A awa 24 ya zama 480. Wannan kashi biyu ne cikin biyar na rabon da aka ce a ɗiba daga batirin can. Babbar inbata ta fi haka ci. Saboda haka sayen wadda ta fi ƙarfin bukatar gida hasara ce, kuma in za a fita gona babu abin da ke aiki, gara a kashe ta.

IDAN INBATA TA YI KUKA

Kukan inbata gargaɗi ne, kuma yawanci ɗayan uku ne.

Obalodi: kaya sun fi ƙarfinta. A cire abin da aka jona na ƙarshe, a sake kunnawa.

Batir ya yi ƙasa: batirin dalma mai bolt 12 idan ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.7, idan ya kai rabi kuma wajen 12.1. Yawancin inbatoci ba sa yanke wuta sai ya faɗo wajen 10.5, lokacin kuwa ya riga ya galabaita. Wanda kullum sai ta yi kuka yake kashe kaya, yana gajarta kwanan batirinsa. Mafi muni shi ne mai kashewa ya sake kunnawa don ya tatse ɗan abin da ya rage.

Zafi: iska ba ta ratsa ta. A watannin bazara wannan ya fi faruwa. A duba ko ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin, ko zanzaro ya yi gini, ko an rufe ta da ƙyalle don ado.

KIYAYE RAI DA DUKIYA

1. Wutar da ke fita daga inbata tana kisa kamar ta gwamnati. Kada a raina ta don daga batir ta fito. A kafa ta inda hannun yara ba ya kai.

2. A gidan da ke da layin gwamnati, dole a sa makunnin sauya layi, watau canjoba. Jona inbata a soket don ta ba gida wuta yana iya tura wuta waje ta halaka mai gyara, kuma in an kawo wuta inbatar za ta ƙone.

3. A sa fis ko bireka a kan wayar + kusa da batir. Jar waya a kan +, baƙa a kan −. Musanya su ko na daƙiƙa ɗaya yana iya kashe inbata.

4. A batir ake jona inbata kai tsaye, ba a bakin kaya na ƙaramar kwantirola ba. Wajen haɗa kwantirola kuma, batir ake fara jonawa kafin faranti.

5. A binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da jikin inbata, don in wuta ta zurare ta bi can.

6. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana, ko kusa da murhu da aci-bal-bal. Kada kuma a ɗora inbata a kansa. Idan ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ban da na rijiya.

7. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

8. In wuta ta tashi a kayan lantarki, a kashe bireka, a zuba yashi. Kada a watsa ruwa.

9. Mataccen batir kada a fasa shi a gida. Dalma ce a ciki. Jama'ar Zamfara ba za su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Wancan daga duwatsun ma'adinin zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. A mai da shi wurin masu sayen tsofaffin batura yadda yake.

A wurin saye kuma, a je da takardar lissafi a hannu. A sa mai kanti ya gwada inbatar da kaya masu nauyi a gaban mai saye, domin ba kowace lambar da aka buga a kwali ce gaskiya ba. A karɓi rasit da takardar garanti. Haɗawa kuwa a bar wa wanda ya koyi aikin.

ABUBUWAN TUNAWA

Faranti ke samo wuta, batir ke ajiyewa, inbata juyawa kawai take yi. Girman inbata ke nuna yawan kayan da za a kunna tare. Girman batir ke nuna awowin da za su yi. Yawan faranti ke nuna ko batir zai sake cika gobe.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin wuta mai alamar DC da mai alamar AC?
2. Waɗanne makunnai biyu ne ba a so su kunnu tare, kuma me ya sa?
3. Me ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri?
4. Batir mai lamba 12V 100Ah na dalma, awa nawa zai riƙe kayan wat 90? A bi matakan da aka nuna a sama.
5. Inbata tana cin wat 30 a zaune. Nawa za ta ci daga ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 5 na yamma?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya duba bayan kayan lantarki biyar a gidansu ko a shagon maƙwabci, ya rubuta sunan kowane da lambar wat ɗinsa, ya haɗa jimla, ya ƙara rubu'i. A kawo takardar aji, a gwada da ta abokan karatu.